Shirun Layin Gidan Takawa

Shekara ashirin da bakwai ina aikin waya a Madawa, sai ga shi rana ɗaya an zaunar da ni bisa benci kamar ɗan lekol, an miƙo mini kaye da bik. Wai formasiyo, horon sabon aiki. Ni Aƙilu, da na ja waya daga nan har Buza tun ana gina ramin poto, turken waya, da hannu, ni za a koya wa yadda murya ke tafiya.

Takardar da ta zo daga Yamai ba ta ɓoye komai ba. Tsohuwar santaral, injin da ke haɗa kiran mutane, wadda nake share wa ƙura tun kaina yana baƙi, za a kashe ta. Daga yanzu murya da hoto da saƙo duk ta intanet za su bi. Mu goma sha biyu, ma'aikatan Madawa da Buza da Keita, za mu yi sati biyu muna koyo, a ƙarshe a yi mana ekzame. Wanda ya ci ya zauna inda yake. Wanda ya faɗi, tunda ba sauran injin da ya iya, a kai shi babban magaza na Tawa ya tsare tsoffin kaya. Shef, shugabanmu, ya karanta, ya naɗe takardar, ya dubi kowa ban da ni.

Tawa ba ƙarshen duniya ba ce, na sani. Amma Innata tana Gidan Takawa, wani ɗan ƙauye cikin kwari bayan Galma. Ta haura tamanin, kuma duk Asabar nake hawa moto in je in gan ta, in duba magani, in duba rumbu. Daga Tawa sai dai in yi sa'a sau ɗaya a wata biyu. Wannan shi ne abin da ke gabana, ba wani son ilimi ba.

Wadda anka turo ta koya mana injiniya ce, Madam Zulaiha, sa'ar ɗiyata ta fari. Da ma a ce mai rashin kunya ce, da na samu abin riƙewa. Ina! Sai ta gaishe ni har ƙasa kowace safiya, "Baba Aƙilu, an tashi lafiya?" sannan ta juya tablo ta shiga rubuta abubuwan da ke sa kaina sarawa.

Wai yanzu murya yanyanka ta ake yi ƙanana-ƙanana, a ƙulle kowane guntu a ƙunshi, a rubuta mishi adireshi, a watsa su hanya, in sun isa can a sake jera su. To, madalla. Mu a zamaninmu kira hanyarshi ɗaya, daga "allo" har "sai an jima" taka ce kai kaɗai. In ta lalace in bi waya da ƙafata har in tarar da inda gara ta ci poto ko raƙumi ya tsinke ta, in gyara, in wanke hannu. Yanzu kuwa ɓarna ba ta da wuri. Tana cikin wata lamba, cikin wani shafi, cikin ordinatar, kwamfutar nan da ke ƙyafta mini ido.

Ga bazara. Kuran ya ɗauke sau uku kafin azahar, a tada gurup, injin ba da wuta, ɗaki ya cika da ƙara da warin gazuwal, a buɗe taga kuma warin albasar da ake lodi bakin hanya ya shigo. Ni da yatsa ɗaya nake danna haruffa. Nazir, wani matashi daga Keita da ya gama nashi aiki tun kafin in samu inda ake shiga, ya leƙo ta kafaɗata.

"Baba, a hankali, ba ƙusa kake bugawa ba."

"Kai, tafi can. Ranar da na fara hawa poto uwarka ba ta san gidan ubanka ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma raina bai so ba. Duk yamma in koma gida idanuna na zafi, in buɗe kaye in kwafe matakan ɗaya bayan ɗaya, in yi ta haddarsu ba tare da na san ma'anar rabinsu ba. Na gaji, wallahi. Irin gajiyar da barci ba ya ɗauke ta.

Ran Alhamis ta satin fari Madam ta ce za mu ga abin a zahiri. A yankin Galma akwai wuraren da rezon salula ba ya sauka, sai wayar girke a ɗakin magani ko a lekol. Layi takwas ne, dukkansu ta hanya ɗaya siririya suke biyowa, daga eriyar da ke bisa tudu zuwa Madawa. Ni na kafa shida daga cikinsu da hannuna, har da na ɗakin maganin Gidan Takawa. Muna kallo Madam ta ɗauke su daga tsohuwar santaral ta maida su bisa sabon tsari, na gwaji, kafin ekzame. Munka kira kowanne, murya ta fito tas. Har tafi anka yi.

Asabar na hau moto na tafi gida.

A nan sai in faɗi wani abu. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Haka tsofaffinmu suke, kunyar ɗan fari. In na zo na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri, shi ke nan. Sai mu zauna, ita bisa tabarma da tasbaha, ni bisa turmi a kife, awa guda ba wanda ya ce uffan, in tashi in tafi. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa wani a gabana. Ƙanena Abdulmumin kuwa auta ne, shi ake wa hira. Shekara shida ke nan yana biɗa a Aljeriya, yana aikin gini, kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira wayar ɗakin magani, Majo Lurwanu, mai kula da ɗakin, ya aika a taho da Inna.

Ran nan ban gama gaisuwa ba ta juya wajen Saude, matar Abdulmumin, wadda ke tsince wake a gefe.

"Saude, ki gaya ma masu waya, wayarsu ta mutu."

Na ce wa Saude, "Wace irin mutuwa? Shekaranjiya munka gwada ta."

Saude ta ce, "Yaya, magana dai tana fita. Sun gaisa lafiya lau. Amma da sunka yi shiru sai Inna ta ce ya tsinke, ta aje. Ya sake kira, sunka gaisa, sunka yi shiru, ta sake ajewa. Har sau huɗu. Na biyar ba ta ɗauka ba."

"To ai bai tsinke ba. In an saurara akwai ɗan shuuu a ciki."

Inna ta aje tasbaha. Har yanzu Saude take kallo.

"Wanga shuuu ba na ɗakinshi ba ne. Ni za a yi ma wayo? Da can in munka yi shiru ina jin butarshi bisa wuta. Ina jin abokan kwananshi. Ina jin hucinshi. Yaron nan ƙirji gare shi tun shina goye, kuma siminti yake sha. Ko shina mutuwa lahiya lau zai ce mini. Ba bakinshi nake saurare ba, ƙirjin nake saurare. Jiya ko da ya rufe baki sai anka ɗauke mini shi."

Ta ɗauki tasbaharta ta ci gaba da ja. Na zauna bisa turmi, ni kaina ban san abin da ya faru ba. Saude ta ce tun jiya Inna ba ta ci abin kirki ba.

Ran Litinin da safe amsar ta zo da ƙafarta. Madam Zulaiha ta zana layi biyu a tablo ta ce, "Duk kiran da mutum biyu ke yi, fiye da rabinshi shiru ne. In wannan na magana wancan na saurare, wani lokaci ma duka biyun sun yi tsit. Don me za mu cika hanya da ɗaukar shiru? Akwai ɗan akwati a shafin tsari, sunanshi yanke shiru. In kun sa mishi alama, injin yana sauraren muryar mutum. In babu murya ba ya aika komai. Can ɗaya gefen kuma sai a ƙirƙiro ɗan shuuu, don kada kunne ya zaci an tsinke."

Ta ce hanyar Galma siririya ce. In an yanke shiru kira takwas suna wucewa lokaci guda, in ba a yanke ba biyar.

Cikin sati biyun nan kaf, wannan ne darasi ɗaya da na gane tun daga kai har ƙafa. Ashe mu munka yi. Ashe injin ne ya saurari numfashin ƙanena ya yanke hukunci cewa ba komai ba ne, ya zubar, ya ba tsohuwa shuuu na ƙarya.

Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga, har ya kai kunnena. Sai Nazir ya ce, "Jama'a a yi shiru, Baba zai yi tambaya, yau za a yi ruwa." Ɗaki ya kwashe da dariya. Madam ta juyo da fara'arta ta ce, "Na'am, Baba Aƙilu?" Na dubi samarin nan goma sha ɗaya. In ce me? In ce uwata tana sauraren buta? In roƙi yarinya sa'ar ɗiyata a gaban waɗanga? Na sosa ƙeya na ce zufa nake sharewa.

Da la'asar ta shiga wani babi mai tebura da lambobi, tana cewa mu buɗe shafi kaza. Ni ina zaune, amma ba na nan. Faɗa nake yi da ita a zuci, da ita da Yamai da duk wanda ya ƙirƙiro akwatin. Ku da kuke biro mai sanyi, kun taɓa ganin yadda ake waya a Adar? Kun taɓa jin an yi gaisuwar mutuwa a waya, a ce Allah ya jiƙan rai, sannan a yi tsit tare har wani lokaci? Haka na yi ta yi har anka tashi, ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Talata da Laraba ma na so in same ta ita kaɗai, kullum samari na kewaye da ita, ni kuma na ƙi tsayawa layi.

Alhamis ekzame. Kowa anka ba shi yanki na gaske ya tsara: Nazir layukan Keita, wasu na Buza, wasu na Urno. Ni, tunda ni na kafa yawancinsu, anka ba ni na Galma. Madam ta yi bayani dalla-dalla. Awa biyu. Abin da mutum ya tsara yau shi zai zauna yana aiki, daga nan a kulle, mabuɗi yana Yamai. In lokaci ya cika injin zai jefa kira a hanyar kowa, ya ƙirga, ya aika sakamako Yamai da kanshi. Nawa sharaɗin kira takwas.

Na buɗe shafi na fara, da yatsana ɗaya. Abin mamaki, haddar ta zauna. Adireshi ya shiga, lambobi sun shiga, layi takwas sunka yi kore ɗaya bayan ɗaya. Zufa na ɗiga bisa tebur. Saura minti goma sha biyar na iso shafin ƙarshe, ga ɗan akwatin nan yana jirana. Dannawa ɗaya, in zauna Madawa, in ci gaba da zuwa gida duk Asabar. Dannawa ɗaya kuma, gobe Juma'a Inna ta ɗauki waya ta ji shuuu, Juma'a ta gaba ma haka, har ranar da ɗayansu zai riga ɗaya, kuma ba ni da mabuɗin gyarawa.

Na yi ta kallon akwatin. Na ce a raina, ni in an kai ni Tawa ai mota na zuwa. Wancan da ke Aljeriya ba shi da komai sai wannan layi. Na bar akwatin fayau, na rufe shafi, na naɗe hannu.

Madam tana zagayawa tana duba na kowa. Da ta zo kaina ta tsaya, ta sunkuyo, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Baba Aƙilu, komai ya yi daidai. Ka manta akwati ɗaya. Saura minti huɗu."

"Ban manta ba, Madam."

"In ba ka sa ba biyar za su wuce. Ka san abin da takarda ta ce."

"Na sani."

Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara magana, sai wani ya kira ta daga baya, nashi ya rikice. Lokaci ya cika. Injin ya jefa kira. Biyar sunka wuce sumul, na shida ya shiga inda-inda, na bakwai ya ƙi shiga sam. Wani jan rubutu ya fito a gaban allona, ban ma tsaya karantawa ba.

Da anka watse ta ce in dakata. Ɗaki ya rage daga ni sai ita sai ƙarar gurup. Ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, ka gaya mini don me."

Na gaya mata. Buta, da siminti, da ƙirjin Abdulmumin, da sau huɗun da Inna ta aje waya. Ina magana ina jin kaina kamar sakarai. Ba ta yi dariya ba. Ta dafe goshi.

"Layi ɗaya ne ke nan? Na Gidan Takawa kaɗai?"

"Shi kaɗai na sani."

"Haba, Baba. Haba! Don me ba ka tambaye ni ba ran Litinin?"

Ta jawo ordinatar gabanta, ta shiga da nata mabuɗin, wanda Yamai ta ba ta. Ta sa alama a akwatin, na dukkan layuka. Sannan ta buɗe wani shafi mai tebura, ta nemo Gidan Takawa, ta cire alamar a nan kaɗai. Ta jefa kira takwas. Duka sunka wuce. Ko minti biyu ba ta yi ba.

"Kowane layi ana iya ware mishi nashi tsari," ta ce. "Shi na koyar ran Litinin da la'asar. Shafi na arba'in da ɗaya."

Na buɗe kayena. Litinin da la'asar, farar takarda ce, sai wani zanen poto da na yi a gefe.

Ta ce, "Sakamakon ya riga ya tafi Yamai, ba ni da hannu a ciki. Zan rubuta musu, amma ba na so in yi maka alkawarin ƙarya." Idanunta sun cika. Ta ce ita ma kakarta tana wani ƙauye a Buza, kuma ba ta taɓa tunanin abin ba. Ta ce layin Gidan Takawa zai zauna a buɗe, wannan kam ta ɗauka a wuyanta.

Na yi mata godiya. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Haushin kaina na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba injin ya kayar da ni ba, ba Yamai ba, ba ma tausayin Inna ba. Hannu ne na ɗaga ya kai kunne na maida shi ƙeya.

Ta rubuta musu, kamar yadda ta ce. Sunka amsa cewa doka ɗaya ce ga kowa. Bayan sati uku na ɗaure katifa bisa mota.

Yanzu wata na biyu ke nan ina Tawa. Magaza babba ce, rufin kwano, cike da naɗin tsohuwar waya da kawunan tarho da ba mai so. Har santaral ɗina ta Madawa an kawo, tana can kusurwa an lulluɓe ta da tampol. Ba na zuwa wajen.

Saude ta aiko mini cewa Juma'ar da ta biyo bayan ekzame Inna ta yi kusan rabin awa da waya a kunne, kuma da ta aje ta ce yaron yana tari amma ba mai tsanani ba, ta ci tuwo. Ni kuwa sai na kasa kira. Sati bayan sati ina ɗaukar salula ina ajewa. Me za mu ce wa juna? Shekara hamsin da huɗu ba mu taɓa yin hira ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan na ƙiyasta Abdulmumin ya gama, na zauna bisa wani naɗin waya na buga. Majo Lurwanu ya ɗauka. Na ce in Inna ba ta tafi ba ya ba ta. Na ji takunta, na ji jan kujera.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya."

"Ina gajiya. Ya jiki?"

"Da godiya."

Shi ke nan, gaisuwa ta ƙare. Na riƙe salula a kunne ina jiran ƙarar ajewa. Sai na ji tasbaha, ƙwaya na bugun ƙwaya. Na ji akuya can nesa, na ji wata mata na daka, na ji ƙyauren ɗakin magani da na sha cewa Majo ya sa mishi mai. Ƙarƙashin wannan duka ga numfashinta, a hankali, da ɗan kurman sauti a ƙarshe wanda ban taɓa lura da shi ba duk zaman da nake yi bisa turmi. Hawaye sunka zubo mini, na bar su, don kada in ja hanci ta ji.

Mun fi minti goma a haka. Can na ji muryar Majo daga gefe.

"Inna, ya tsinke ne? Kawo in aje."

"Bar shi," ta ce mishi. "Shina nan. Ina jin shi. Kuka yake yi."